Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu: Ciwon Daji Da Ciwon Gari

Kwanan baya wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya tare ni da wata tambaya wadda na ga ta shafi mutane da yawa. Ya ce yana da tsohuwar mota irin mai jan ƙafa huɗu. Ita ke kai shi kasuwannin ƙauye, ita ke kai yara makaranta, ita ce kuma ta zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Yanzu ta kwana biyu, 'ya'yansa sun matsa masa ya sayar ya huta da kanikawa. Shi kuwa ya san abin da zai samu a kanta ba zai saya masa ko rabin sabuwa ba. To, ya riƙe ko ya saki? Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, wannan ba maganar tsaye ba ce. Bari in rubuta maka amsa a jarida, don na san ba kai kaɗai ke cikin wannan wasiwasi ba."

Ku sani, irin waɗannan motoci gida biyu ne suka fi shahara a ƙasashenmu. Na farko Land Rover ta Ingila, wadda aka fara nuna ta ga jama'a cikin 1948. An yi gangar jikinta da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ce motar rangadin Di'o da malaman dabbobi a zamanin Turawa, har sunanta ya zama Landiroba a bakin Bahaushe. An daina ƙera tsohon samfurinta a watan Janairu na 2016, amma wanda ya hau tsaunin Mambila ya ga tsofaffinta suna ɗaukar mutane da kaya a kewayen Gembu. Na biyu Land Cruiser ta kamfanin Toyota na Japan, wadda aka raɗa mata wannan suna cikin 1954. Samfurinta da a ke kira 70 ya fito cikin 1984, har yau kuwa ana ƙera shi. Cikin 1990 aka fara sa masa injin nan mai suna 1HZ, mai silinda shida, girmansa lita 4.2, mai shan man gas, ba kwamfuta a jikinsa. Shi ne injin da ya cika hanyoyin Damagaram da Tanut da Agadas. Irin wannan ce tawa, a kanta kuma zan fi tsayawa, ko da ya ke yawancin abin da zan faɗa ya hau kan 'yan'uwanta duka.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, motar da ke aikin daji da aikin gari ciwo biyu gare ta. Wanda ta ɗauko a daji a gari ya ke kashe ta, wanda ta ɗauko a gari kuwa sai an kai tsakiyar daji ya ke tashi. Bari in fara da na farkon, don shi ne ya taɓa cin kuɗina.

Wata damina na fito daga wani ƙauye cikin fadamun Haɗeja, bayan tafiyar sa'a uku, na iske ruwa ya yanke hanya. Na dubi ruwan, na raina shi, na afka. Ya kawo bakin ƙofa, motar ta ratsa ta fita ba ko tari, har yaron mota yana yi mata kirari. Da muka iso Kano na sa aka wanke jikinta tas, na ci gaba da harkokina. Bayan kamar wata biyu sai na fara jin wani amo daga ƙarƙashi ta baya, kamar na ƙudan zuma cikin amya, yana ƙaruwa in na taka totur. Da makaniki ya kwance notin da ke gindin aksul na baya, maimakon mai sai ga wani abu kamar kunun gyaɗa yana zuba. Haƙoran ciki sun yi tsatsa, boris ya cinye. Abin da na biya ya isa sayen ɗan maraƙi, alhali kuwa da na duba washegarin tafiya, man giya ne da bai kai lita uku ba zan saya.

Ga yadda ruwan ke shiga. Kowane aksul yana da 'yar kafar numfashi a samansa. In mota ta yi tafiya mai nisa aksul ya yi zafi, iskar da ke ciki ta kumbura ta fita ta kafar. Da an tsoma shi cikin ruwan sanyi farat ɗaya, sai iskar da ta rage ta tsuke, aksul ya yi zuƙa kamar yadda ƙahon wanzami ke zuƙar jini. Abin da ke kusa shi zai zuƙa, watau ruwa, ko ta kafar, ko ta robobin da ke tsare mai a bakin ƙafafu. Maganin ba shi da tsada. A sa makaniki ya haɗa wa kafar doguwar tiyo, ya kai bakinta sama cikin ɗakin inji. In an zo bakin ruwa a dakata kaɗan ƙarfe ya huce, a tura yaro da sanda ya taka ya gwada zurfi da taurin ƙasa. In an dawo gida kuma a buɗe wuri huɗu a duba launin mai: aksul na gaba, da na baya, da akwatin giya, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Duk wanda ya yi fari a zubar a sake. Har wa yau, da fitowa daga ruwa birki ba ya kamawa, sai an yi 'yar tafiya a hankali ana danna shi har ya bushe.

Madugan da, waɗanda suka bi hanyar Gwanja neman goro, in an sauka zango ba su cin abinci sai sun sauke kaya sun duba bayan jakuna da kofatonsu. Mu kuwa sai mu wanke bayan mota, inda ido ke gani, mu bar cikinta. Lakar da ta shige cikin shasi tana riƙe damshi wata da watanni tana cin ƙarfe daga ciki. Masu Landiroba su suka fi ruɗuwa a nan, don jikinta ba ya tsatsa, sai mutum ya ga tana ƙyalli alhali shasin ƙarfe da ke ɗauke da ita ya zama wainar tsatsa. Fatake kuma su lura da wani abu: gishiri da kanwa da takin zamani, in suka zube a bayan mota suka sha raɓa, sun fi laka ɓarna. A shimfiɗa tamfol kafin lodi, a wanke bayan an sauke. Sa'an nan a bi farfela da famfon giris, a cika kowane kan nono har sabon giris ya turo tsohon waje, domin ruwa da yashi a gaɓoɓin nan su ke maƙalewa.

To, sai ciwon gari, wanda ya fi wuyar ganewa don mai mota yana zaton hutawa ta ke yi. Babban injin gas an yi shi ne don ya yi zafi ya daɗe yana aiki. In aikinsa kullum daga gida ne zuwa bakin kasuwa, kilomita uku ko huɗu cikin cunkoso, baƙin mai ba ya yin zafin da zai kori damshin da ke taruwa cikinsa, baƙin hayaƙi kuma ya yi ta sauka yana kaurara shi. Mai mota ya dubi agogon tafiya ya ce ai ba ta yi nisa ba, juye bai yi ba. Ni ƙa'idata kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta. Injin nan yana shan kusan lita 10, na san kuɗi ne, amma har yanzu ban ga wanda ya yi arziki da tsimin baƙin mai ba.

Akwai kuma makullan da ke cibiyar ƙafafun gaba, waɗanda a ke murɗawa da hannu. In suna buɗe, ƙafafun gaba suna juyawa su kaɗai, farfelar gaba da haƙoran aksul suna kwance. Wannan yana rage shan mai a gari, amma abin da ya shekara a kwance ba ya tashi ran da a ke so. Mai ba ya fantsama ya jiƙa na sama, makullin da kansa ya ƙage. Sau nawa aka ga mota ta kafe cikin yashi, direba ya ja ƙaramar sanda, ƙafafun gaba suka ƙi motsi! A kulle su sau ɗaya kowane wata a yi tafiyar kilomita goma sha biyar ko fiye, a sami filin ƙasa a gwada giyar taimako, babba da ƙarama, a tabbata suna shiga suna fita.

Amma fa kada a sa jan ƙafa huɗu a bisa kwalta. Dalili kuwa, in an sa shi a irin wannan mota, gaba da baya sun zama kamar shanun huɗa cikin karkiya ɗaya, dole su yi gudu ɗaya. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. A kan yashi ko taɓo taya ta kan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ba zamewa, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa, sitiyari ya yi nauyi, sanda ta ƙi fita, wata rana wani abu ya karye. In sanda ta ƙage, a yi ribas kaɗan a miƙe, za ta saki. A tsohuwar Landiroba sanda mai jan kai da mai rawayan kai su ne na wannan aiki. Defender da yawancin samfurin 80 kuwa kullum ƙafa huɗu su ke ja, don suna da abin da ke daidaita gaba da baya a tsakiya. Su abin da ba a kulle musu a kan kwalta shi ne wannan na tsakiyan.

Man gas shi ma yana da nasa sharaɗi. Tankin da ke kwana rabi yana zufa daga ciki in dare ya yi sanyi, ruwan ya kwanta a ƙasa. Man jarka na 'yan bumburutu kuwa, wanda tilas kan sa matafiyi ya saya, wani da ruwa, wani da ƙasa, wani an sirka shi da kananzir. Famfon da ke tura mai zuwa nozul da santsin man gas ɗin ya ke rayuwa, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi, ruwa balle. Famfon nan yana cikin mafi tsadar abin da ke jikin inji. Maƙera sun sa masa mai gadi: a gindin filtar mai akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan abin murɗawa na tsiyaye shi, da fitila a gaban direba mai kamawa in ya cika. A saman filtar kuma akwai abin dannawa da hannu na fitar da iska in mai ya yanke. Wanda bai taɓa koyon wannan a ƙofar gidansa ba, a daji zai koya da dare, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. In ya zama dole a sayi na jarka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a bar na gindin.

Ƙurar hunturu ba sai na tsawaita ba, kowa ya san ta. Gidan filtar iska yana da ɗan kofi a ƙasa inda ƙura mai nauyi ke sauka, a zazzage shi kowace safiya in ana bin hanyar burji. Filtar a hura ta daga ciki zuwa waje, kada a buga ta jikin taya kamar buhu, in ta huje ko da ƙwayar gero ce a jefar. Ƙurar da ta wuce filta, cikin silinda ta ke zama tana aikin dutsen niƙa.

Yanzu ga inda ni da kanikawa muka daɗe muna jayayya. Akwai wata 'yar ƙofa a hanyar ruwan inji da a ke kira tamostat, mai rufewa in inji ya yi sanyi, ta buɗe in ya yi zafi. Da mota ta fara zafi sai makaniki ya cire ta ya jefar, ya ce ai ta ƙasar sanyi ce. Ina girmama kanikawanmu, da yawansu da kunne kawai su ke gane ciwon inji, amma a nan sun kuskure. Inji yana da zafin da ya ke so ya yi aiki a kai. In an cire ta, da safiyar hunturu ya daɗe bai kai wannan zafi ba, yana cin kansa yana shan mai. A waɗansu injuna ma cire ta kan sa ruwa ya riƙa gajerce hanya bai bi ta lagireto ba. Ainihin ciwon yana wani wuri. Ko dai ruwan rijiya mai gartsi ya bar farin dutse ya toshe hanyoyin lagireto daga ciki, ko ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa sun toshe ta daga waje, ko murfinta ya saki, ko kuwa kan fanka ya mutu. Kan fankar nan yana da wani mai mai kauri a ciki. In an kashe inji da zafinsa aka juya fanka da hannu ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, to man ya ƙare. A zuba ruwan lagireto na kanti mai launi, in babu, ruwan sama da aka tara ya fi na rijiya. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take, don kan injin nan tsagewa ya ke yi. Kada kuma a buɗe murfi da zafi, na ga hannun da ya saluɓe ta haka. Wanda ya ratsa dogayen ciyawa da kaka ya leƙa ƙarƙashi ya cire wadda ta naɗe kusa da salansa, ita ce kan ta da gobara.

Bel ɗin taimin kuwa ba ya ciwo, mutuwar fuju'a ya ke yi, in ya tsinke kuma sai fistin ya daki bawul. A tsofaffin 1HZ ana sake shi a kilomita 100,000, akwai fitilar tuni. Amma wanda ya sayi ta hannu kada ya amince da agogonta. Ya sake bel ɗin ranar da ya saya, ya fara lissafi daga nan.

Mu zo ga taya da lodi, inda fatake ba su son a taɓa. Mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don kamar tan ɗaya, watau buhu goma na masara, da direba da yaronsa a cikin lissafin. Na san ana ɗora mata ninki biyu ta kuma tafi. Tafiyar ce ke ruɗin mutane. Sifirin yana karyewa ganye ɗaya ɗaya, notocin da suka ɗaure shi da aksul suna saki a kan burji, shasi yana tsagewa a bayan ɗakin direba, birki kuma ba a yi shi don wannan nauyi ba. Kayan da aka jibga a rufi sun fi duka haɗari, don su ke kifar da mota a kwana ko a gefen tudun yashi. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya. A cikin yashi irin na Yusufari ko na arewacin Tanut, sirrin ba gudu ba ne, rage iska ne. Tayar da ke 40 a ma'aunin masu faci a sauke ta zuwa 20 ko 18, sai ta baje kamar tafin raƙumi. Amma da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iska, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe, saboda haka famfo abokin tafiya ne. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu masu faɗin ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama 'yar shekara goma, araha kuwa ba ta ado. Masu tsohon rim mai zobe su sani zoben nan in bai zauna daidai ba yana tashi da ƙarfin da zai kashe mutum sa'ad da a ke ba da iska, kada kowa ya tsaya a gabansa.

Birki a gangara kuma, direbobin Mambila su ne malamai. Ba su sauka da ƙafa a kan birki, da giya su ke sauka, wadda aka hau da ita da ita a ke gangarowa. Man birki yana shan damshin iska a hankali, in ya tsufa ya yi zafi sai ya tafasa, ƙafa ta tafi ƙasa ba komai. A sake shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba.

Kayan gyara akwai su a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, sabo da na hannu da jabu duk a rumfa ɗaya. Ƙarfe mai nauyi na hannu in na asali ne ya kan fi sabon jabu, da tsohuwar zuma a ke magani. Amma filta da bel da roba da kayan birki, waɗannan sababbi na asali. A riƙe makaniki ɗaya wanda ya san motar. Ku malamai da alƙalami bai rabu da hannunku, ku ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ku rubuta ranar kowane juye da lambar agogo, ko da ajami ne, domin makaniki yana da motoci ɗari a kansa, ku kuwa ɗaya gare ku.

Kada a ce na cika tsanani. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kantche na jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙansu. Malamin da ya ɗebi almajirai, da falken da ya ɗebi yaransa, rayuka ya ɗauka a kan wata tiyo ta ruwa da bel guda. Ni ba na barin kwalta sai da fambel, da tiyon lagireto, da filtar mai, da taya biyu, da jak da katakon da zai zauna a kai, da shebur da igiya, da ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, ban da na inji. A gaya wa na gida hanyar da za a bi da ranar isa, a tambayi lafiyar hanya tun da zamani ya lalace, a wuraren da ba gari kuma a tafi mota biyu. In ta mutu a inda ba kowa, a zauna a inuwarta, don mai nema ya fi saurin ganin mota da ganin mutum.

Saura amsar Alhaji. Ya kai ta bisa rami, ya sa a wanke ƙarƙashinta, ya karɓi ƙaramar guduma da hannunsa ya bi shasi daga gaba har baya yana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ya kama. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, aksul ma haka. In ƙarfe ya amsa da ƙara tsaf, ya riƙe abarsa ya gyara sauran ɗaya bayan ɗaya, ya fara da birki da ruwa. In kuwa ya ji buf, ko gudumar ta shige, to ya bi shawarar 'ya'yansa, ya kuma nuna wa mai saye wurin da gudumar ta shige kafin a yi ciniki. Mun yi da shi ranar Talata bayan ya taso daga kasuwa zan raka shi ramin, ni zan riƙe tocila.